Gorar da Kika Aiko wa Takwararki

Gargaɗi gare ku masu bibiyar wannan shafi, kafin ku ci gaba. Wasiƙar nan ba taku ba ce, ta mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta. Na bar ta a fili ne saboda na san akwai iyaye mata irina, daga unguwar Highbridge har Harlem a nan Amurka, da ya kamata su ji abin da ke cikinta. Wadda ta zo neman labarin da za ta kai gidan suna, ta wuce. Wadda kuma take shirin rubuto mini cewa kishi da tsohuwar da ba ta yi mini laifin komai ba bai dace da mace mai shekaruna ba, ta riƙe nasiharta, na riga ta sani. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki tashi ki duba abin da kika ɓoye a saman sif ɗinki.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin wanda ya kamaci 'ya a gaban mahaifiyarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Mu nan lafiya ƙalau. Surukinki yana nan yana aikinsa na asibiti. Ni ma ina nan ina nawa, na kula da tsofaffi a gidajensu. Takwararki Ummi ta cika shekara goma sha huɗu, ta kusa kamo ni tsawo. Safiyya, wadda ba ki taɓa gani ba sai a waya, ta fara famfara.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na zauna rubutu ba. Ƙara na kawo, Inna. Wata Baturiya ta kusa ƙwace miki jika a cikin kwana bakwai, ina tsaye ina kallo. Da niyyar ƙararta na fara wannan takarda. Za ki ji yadda ta kaya.

A hutun makaranta na watan Agusta surukinki ya dawo gida da wata magana, wai ya kama mana gidan gona na mako guda, can arewacin jihar nan, tafiyar awa huɗu a mota. Wai mu je mu huta, yara su taka ciyawa, su ga saniya da idonsu. Na dube shi na ce, ni da na sha wuya kafin na bar ƙauye, ni ce zan ɗauki hutun aiki in tafi ƙauyen wasu? Ya ce likita ne ya ce hawan jinina yana son wuri mai shiru. Kin san halinsa, ba ya musu da ni, sai dai in ga yana loda jakunkuna a mota.

Na yi shiri irin na mai zuwa inda ba ta yarda da shi ba. Na je Harlem na sayo naman halal, na ɗaure garin tuwo da kuka da daddawa da yaji, na ɗauki tukunyata da butar alwala. Na tara yaran na ja musu kunne: ba a cin abin hannun kowa, ba a shiga ɗakin kowa, ba a cire ɗankwali don an ga babu mutane.

Zan faɗi gaskiya, tunda ke nake gaya wa. Wurin yana da kyau. Gidan katako ne fari, da baranda mai faɗi, da kujera mai lilo. A gabansa bishiyoyin tuffa, a bayansa gonar masara har inda ido ya tsaya. Babu jirgin ƙasan da ke girgiza mana taga, babu jiniyar motar asibiti, babu maƙwabcin sama mai jan kujera. Ranar da muka isa surukinki ya shimfiɗa darduma a kan ciyawa ya ja mu sallar la'asar. Iska tana kaɗa mayafina, na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata wanda ban san ina ɗauke da shi ba. Washegari na yi barcin rana a kujerar nan har carbi ya faɗi daga hannuna. Rabona da barcin rana tun kafin in haifi Safiyya.

Mai gidan sunanta Doris. Tsohuwa ce doguwa, siririya, ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse birane. Ta bar wa baƙi babban gidan, ita tana zaune a wani ɗan ɗaki kusa da rumfar shanu. Shanunta biyu, da ɗan maraƙi, da kaji. Takalmin roba na maza take sawa, hannuwanta duk sun tsattsage.

Tun ranar farko na fara neman laifinta, ban samu ba. Na ce mata ba ma son karenta ya shigo inda muke salla. Ba ta ko ɗaga gira ba, ta ɗaure shi a bayan rumfa har muka tafi. Na buɗe kicin ina shirin ƙin tukwanenta, sai na tarar da sabon kasko da takardarsa a jiki, wai ta ji Musulmi ne za su zo, ta sayo wanda bai taɓa ganin alade ba. Na shafa saman taga da yatsa, babu ƙura. Inna, ban taɓa jin haushin tsaftar mutum ba sai a kanta.

Yanzu ki ji halin takwararki a gida, don ki gane. Yarinyar nan sai na kira ta sau uku kafin ta tashi sallar asuba, na huɗun da hannu. Idan na ce ta zo kicin, sai ta tuna tana da aikin makaranta. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, idonta a kan waya. Ko ƙwai ba ta taɓa soya mini ba.

A rana ta biyu na shiga ɗakinsu da asuba don in tashe ta, na tarar gadon a gyare, darduma a naɗe. Na leƙa ta taga, sai ga ta can tana bin tsohuwar nan a baya, kwandon ƙwai a hannunta, raɓa ta jiƙa mata gefen siket. Wayarta tana kan tebur. Wayar da in na karɓe ta na awa ɗaya sai a yi kwana biyu ba a yi mini dariya ba.

A rana ta uku na tsaya a bakin rumfar ba su gan ni ba. Ummi tana zaune a kan 'yar kujera, ta jingina goshinta a cikin saniya. Tsohuwar ta sunkuyo ta bayanta, ta ɗora hannunta a kan nata, tana nuna mata yadda ake matsawa. Madara ta fita ta bugi bokiti. Ummi ta ƙyalƙyale da wata dariya da rabona da jinta tun tana 'yar shekara shida. Sai na ji ta kira matar da wani suna. Ta ce mata Grandma. Kaka ke nan a bakinsu.

Kaka, Inna. Ke da kika yi shekara goma sha ɗaya kina kiran waya kina cewa, "Ina takwarata? Ku ba ni ita in ji ko ta yi ƙiba." Ke da kike tsokanarta, "Takwara, kin ɗauke mini suna ko goro ba ki aiko ba." Ita kuwa ta ce miki "Lafiya lau" a gurguje ta miƙo mini wayar ta gudu. Ranar da aka bugo aka ce kin rasu, har an kai ki kafin gari ya waye mana a nan, ina birgima a falo, ita ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta tana tambaya ko za ta je makaranta. Ga shi a kwana uku ta ba wa wata sunan da ke ba ta taɓa kiranki da shi da daɗin rai ba.

Na koma baranda na zauna, amma hutun ya ƙare mini daga nan. Kujerar tana lilo, ni ina tafasa. Surukinki ya ce, "Hajiya, ki bar yarinya ta sake, ai abin da muka zo yi ke nan." Na ce masa shi ya sake, ni ban ga abin sakewa ba a 'yata ta zama 'yar aikin wata.

A rana ta huɗu Ummi ta shigo kicin da gudu, riƙe da kwalba mai faɗin baki, cike da maiƙon da aka kwashe a saman madara. Ta tsaya a gabana tana girgizawa, tana girgizawa, har man ya haɗe ya ware daga ruwansa. Ta ɗago mini shi kamar ta tono zinariya. Da Turancinta ta ce, "Mama, kin san daga madara ake samun bota? Grandma ce ta koya mini. Zo in nuna miki yadda ake yi."

Ni za ta nuna wa, Inna. Ni Rabi, wadda ta girma tana jin ƙarar gorarki kowace safiya kafin ta ji kiran sunanta.

Abin da ya kamata in yi daban, abin da na yi daban. Na ce mata man bai wanku ba, kwana biyu zai yi ya yi tsami. Na ce ɗankwalinta ya zame. Na ce ta shigo mini da kashin kaji a takalmi. Na ce tun da ta iya bauta wa baƙuwa, in mun koma gida sai ta fara da wanke-wanken uwarta. Duk a gaban tsohuwar, wadda ta biyo ta tana murmushi. Hasken fuskar yarinyar ya mutu. Ta ajiye kwalbar a hankali ta fita. Safiyya ta dube ni ta ce, "Mama, ke ba kya son Grandma ne?" Na ce mata ta rufe mini baki.

Ku masu karantawa, kada wata ta yi saurin cewa na yi daidai don na tsawata. Tsawa ta tarbiyya daban, tsawa ta ƙyashi daban, kuma yaro yana gane bambancinsu tun kafin uwar ta gane.

Rana ta biyar ce ta tona ni. Tsohuwar ta tashi da ciwon gaɓɓai, ta naɗe wuyan hannunta da bandeji, ta ce Ummi ta yi tatsar ita kaɗai. Na bi su ne don in ga ƙarshen abin, na tsaya a bakin rumfa na harɗe hannu. Saniyar ta ƙi. Ta riƙe nononta, tana kaɗa jela, tana ɗaga ƙafa. Ummi tana ja, babu abin da ke fita sai ɗigo. Tsohuwar ta kawo tsumma da ruwan ɗumi ta goge hantsar, duk da haka shiru. Can gefe maraƙin yana kuka a inda aka killace shi, uwar tana waiwayensa. Ummi ta fara ƙwalla, tana ƙara ja da ƙarfi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, ku sako maraƙin.

Suka juyo suna kallona. Na wuce su na buɗe masa da kaina. Na bar shi ya kama nonon ya tsotsa kaɗan, yana tunkuɗa, har kumfa ta fito masa a baki. Sannan na janye shi na ɗaure a gaban uwar, inda za ta riƙa lasarsa. Na ture 'yar kujerar gefe, don ban iya da ita ba. Na tattare zanena na tsuguna, na matse bokitin tsakanin gwiwoyina kamar yadda kike matse ƙwarya, na jiƙa yatsuna da madarar farko. Sai na ji muryarki a kunnena, tar, kamar kina tsaye a kaina: "Rabi, sassauta hannunki, ba igiyar guga kike ja ba."

Madara ta zo, Inna. Hannu biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, bokiti yana amsawa. Kusan shekara talatin rabona da taɓa saniya, amma yatsuna ba su manta komai ba. Har 'yar waƙar nan da kike yi wa Gwamma, jar saniyarki, ta fito daga maƙogwarona ba da izinina ba. Sai da bokitin ya kusa cika na tuna akwai mutane a wurin.

Tsohuwar ta ce rabonta da ganin tatsa irin wannan tun kakarta tana da rai. Ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce mahaifiyata. Sai ta juya ga Ummi ta ce, "Me kike yi a wurina, ga gwana a gidanku?" Ko a nan ma ta fi ni. Na so ta yi ƙyashi in samu abin riƙewa, ta ƙi.

Ummi ba ta yi murna ba. Ta tsaya tana kallona kamar baƙuwa. Ta ce, "Ba cewa kika yi a cikin Kano kika girma ba?"

A nan ƙarar tawa ta juyo kaina, kuma dole in gaya miki abin da ban gaya miki ba kina da rai.

Kin tuna shekarar da na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata? Ke kika shafa mini man shanu a kai da ƙafa, kika sa mini kwalba guda a akwati. Ranar farko da na shiga ɗakin kwana wata 'yar birni ta toshe hanci ta ce, "Wa ya shigo mana da ruga?" Ɗakin ya ɗauki dariya. Shekara shida sunan bai bar ni ba. Na wanke kayana har suka koɗe. Ranar ziyara kika zo, kin sha tafiya a bayan akori-kura, da sabuwar kwalbar man da kika soya da albasa, kin naɗe ta a gefen zane. Na karɓa na yi godiya. Kina fita ƙofar makaranta na zagaya bayan ɗakin wanka na tuttular. Kin tambaye ni a hutu ko ya yi daɗi, na ce ya yi. Kika ce, "To madalla, zan ƙara miki."

Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari 'ya'yana ba za su ji warin nan a jikinsu ba. Da aka kawo ni ƙasar nan, duk wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce Kano. Yarana ma haka na gaya musu. Ban taɓa faɗa musu sunan ƙauyenmu ba. Ummi tana ƙarama takan jawo kujera ta hau kusa da ni a kicin, ta ce a ba ta muciya. Sai in ce ta sauka ta je ta ɗauki littafi, ba don tuƙin tuwo aka haife ta a Amurka ba. Na kore ta sau ɗari, sannan na dawo ina zaginta da ƙyuya. Idan kin kira kina ba ta labarin saniyar da ta haihu, ban taɓa fassara mata ba. Sai in ce mata kawai, Inna tana gaishe ki. Yaya za ta yi kukan wadda ban bari ta sani ba?

Sai maganar gora. Lokacin da Ummi ta cika shekara bakwai kika ba wani alhaji mai zuwa nan saƙo: gorarki ta kaɗa nono, da maburgi, da ɗan faifai da kika saƙa da hannunki. Kika ce a waya, "Na takwarata ne. Ki koya mata, ko da nonon kanti ne." Na buɗe jakar, warin ya bugi hancina, sai na ga ɗakin kwanan nan da 'yan matan suna dariya. Na naɗe kayan a leda uku na tura can saman sif. Kika tambaya, na ce tana ta murna. Ba ta ma san sun zo ba.

Duk wannan ban iya gaya wa Ummi a rumfar ba. Na ce mata kawai ta ɗauki bokitin kada ƙuda ya faɗa. Sauran kwana biyun ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Ranar tafiya ta rungume tsohuwar tana kuka har da sheshsheƙa. Matar ta ba ta kwalbar nan mai faɗin baki ta ce ta tafi da ita. Ni ina gaban mota na kafe idona a gonar masara. Awa huɗu muka yi a hanya, kwalbar tana kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu. Kowane rami muka faɗa ina addu'a a raina ta suɓuce ta fashe. Allah Ya yafe mini, sai da na yi wannan addu'ar.

Mun dawo ranar Juma'a. Ta ɗora kwalbar a tagar ɗakinta, inda nake ganinta duk na wuce. Na yi mako guda ina zagaye sif ɗin nan kamar akwai maciji a kai. Asabar ta biyu da hantsi na jawo kujera na hau, na sauko da ƙullin, na kira ta.

Zafin na'urar ɗumama ɗaki na shekara bakwai ya yi aikinsa. Gorar ta tsage tun daga wuya har gindi. Ina taɓa ta ta buɗe a hannuna gida biyu. Gorar da ta fi ni shekaru, wadda ta yi ta yawo a kanki ba ta fashe ba, ni na kashe ta a cikin leda. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ya fi na ranar rasuwarki.

Ummi ta durƙusa kusa da ni. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta juya shi, ta ga inda yatsunki suka sa ya yi santsi ya yi duhu. Ta kai shi hancinta. Na zuba mata ido ina jiran ta yamutsa fuska. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sai ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Mama, wannan ƙamshin Kaka ne?"

Ƙamshi ta ce, Inna. Ba wari ba.

Na gaya mata komai. Sunan ƙauyenmu, da turken shanunki, da Gwamma, da kwalbar da na tuttular. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, don ban saba ba tukuna. Ta tashi ta shiga ɗakinta ta ɗauko kwalbar Baturiyar ta ajiye a gabana. Na dube ta na dubi ɓarin gorarki. Ba yadda na iya. Muka sauka kanti muka sayo madara mai maiƙo, muka zuba a kwalbar matar da nake kishi da ita, ragowar muka juye a kwano muka rufe da faifanki. Ita ta girgiza, ni na nuna mata yadda ake wanke man da ruwan sanyi har sau uku, a cura shi. Ruwan da ya rage na burga shi da maburginki muka dama fura. Sannan na ɗora kasko na soya man da albasa.

Ƙamshin ya cika gidan, ya fita har matakala. Maƙwabciyarmu 'yar Nijar ta ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa, "Maman Ummi, wa ya zo muku daga gida?" Na buɗe baki zan ce babu kowa, Ummi ta riga ni. Ta ce, "Kakata." Surukinki ya ci tuwo malmala uku, sai da ya wanke hannu ya ce ashe likitan nan ya san aikinsa.

Kada ki ɗauka na warke. Har yanzu idan na ga kwalbar nan sai in kawar da kai. Ummi ta rubuta wa tsohuwar takarda, na karanta kafin a aika, na ƙirga sau nawa ta yabe ta. Ta roƙi mu koma baɗi, na ce zan duba. Na san za mu koma. Na kuma san zan tafi da man da na soya da hannuna, in ajiye mata a tebur, ta ɗanɗana ta san inda aka iya. Ita ta buɗe wa 'yata ƙofar da ni na kulle, kuma ban ga ranar da zan daina jin zafin cewa ba ni ce na buɗe ba. Amma tsohuwar ba ta sace komai ba. Abin da na yar ta tsinta.

Innata, ki yafe mini kwalbar da na tuttular. Ki yafe mini gorar. Ki yafe mini duk ranar da kika yi magana da takwararki na tsaya a tsakaninku na haɗiye rabin zancen. Na ɗaure ɓarin biyu da zare na rataye a falo, inda baƙo zai fara gani in ya shigo. Jiya na ga Safiyya ta hau kujera tana shinshinawa.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Hannuwan nan da suka tsattsage don in yi karatu, Allah Ya sanyaya su. Ya shayar da ke daga ƙoramun madarar Aljanna. Ya shirya mini takwararki da ƙanwarta, Ya cire mini ƙyashi daga zuciya ko da kaɗan-kaɗan ne. Ita ma tsohuwar, Allah Ya ba ta sauƙin hannunta, Ya shirye ta. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rabi

Ga dokar da na kafa, kamar yadda na rubuta na manna a jikin firij, ki zama shaida. Kowace Asabar da hantsi, wayoyi a cikin kwando, har tawa da ta maigidan. Za a kaɗa nono, kowa sai ya girgiza. Mai girgizawa zai yi tambaya ɗaya a kan Inna, da Hausa, ko ta karye ba mai dariya, ni kuma zan amsa da gaskiya ko da baƙo a wurin. Ba a sa man a baki sai an yi mata addu'a. Doris za a riƙa gaishe ta da mutunci, amma da sunanta, don kaka ɗaya ce a gidan nan. Ranar da aka soya man shanu kuma, ba a buɗe taga, ba a fesa turare, ba a canza kaya. Haka za a fita unguwa.